Tsohon da 'yata take gani a ƙofar kabad

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta tsaya mini a rai. 'Yata mai shekara biyar ta ƙi kwana a ɗakinta, yau sati biyu ke nan. Ta ce wai akwai wani tsoho a jikin ƙofar kabad yana kallonta. Na ɗauka mafarki ne, na yi ta lallashi. Shekaranjiya da yamma sai na kwanta a gadonta, na sa kaina daidai inda take sa nata, na dubi ƙofar. Wallahi sai ga shi. Tabo biyu ne baƙaƙe a katakon, gurbin da rassa suka taɓa fitowa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, a ƙasansu kuma wata tsaga ta lanƙwasa kamar bakin mai fushi. Shekara shida kabad ɗin nan yana gidan ban taɓa lura ba. Yanzu kuwa ko da rana tsaka na shiga, shi nake fara gani, na kasa mayar da shi katako.

Tun ranar idona ya buɗe: soket na bango yana da fuska, gaban mota yana da fuska, har tabon ruwa a silin. Me yake jawo haka? Abin da ya fi damuna, lafiyar yarinyar ƙalau kuwa?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika faɗa alama ce ta ido da ƙwaƙwalwa masu aiki daidai. Masana suna kiransa fareidoliya, kalma ce da aka samo daga Girkanci.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ya ƙware kan fuska, ya fi ƙarfi ta ɓangaren dama a yawancin mutane. Wata masaniyar ƙwaƙwalwa mai suna Nancy Kanwisher da abokan aikinta ne suka bayyana shi a 1997 ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa. Saurinsa shi ne abin mamaki. Daga lokacin da fuska ta faɗa idonki zuwa lokacin da ƙwaƙwalwa ta amsa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Mai irin wannan gaggawa ba ya tsayawa tantancewa. Tsari kawai yake nema: ɗigo biyu a sama, layi ɗaya a ƙasa. Kafin tunaninki ya iso ya ce "ai katako ne", shi ya riga ya yi shelar fuska. Shi ya sa kika kasa daina ganinsa ko da kin san gaskiya.

Kuma da wannan ɗabi'a ta neman fuska ake haihuwarmu. A 1975 an yi gwaji da jarirai 'yan mintuna da haihuwa, aka ga sun fi bin zane mai tsarin fuska da ido fiye da zanen da aka hargitsa idanu da bakinsa. A 2017 an nuna birai ma suna yin haka da hotunan kayan da suka yi kama da fuska.

Dalilin da masana suka fi karkata a kai shi ne bambancin asara. Wanda ya ga fuska a duhun daji, ashe kututture ne, gabansa ya faɗi ya wuce, shi ke nan. Wanda kuwa ya ɗauki fuskar gaske a matsayin kututture, ransa ne a kan siraɗi. Jariri ma da ya fi saurin gane fuskar mahaifiyarsa ya fi samun kulawa. Don haka ƙwaƙwalwa ta gwammace ta yi kuskure ta wannan gefen sau dubu.

Mai Kallon Taurari:

Maman Ilham, ba ke kaɗai ba ce. A watan Yulin 1976 kumbon Viking 1 na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauko hoton wani yanki na duniyar Mars mai suna Cydonia. A cikin hoton ga fuska ƙarara, da ido da hanci da baki, tana kallon sama. Mutane suka yi shekaru suna cewa wasu halittu ne suka sassaƙa ta. Da kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin a 1998 da 2001 da kyamara mai kyau, sai aka ga tsauni ne da ya zaizaye. Rana ce ta yi ƙasa a hoton farko, inuwa ta faɗi inda ya dace. Ki lura da wannan, domin kin ce da yamma kika fara ganin naki. Haske daga gefe shi ke zurfafa rami ya zama ido.

Farin wata ma haka ne. Baƙaƙen wuraren da ke jikinsa filayen narkakken dutse ne da ya daskare. Turawa suna ganin fuskar mutum a ciki, a China da Japan kuwa zomo suke gani. Abin da mutum ya taso da shi yana taya ido zaɓe.

Tsohuwar Nas:

'Yata, abu ɗaya zan ƙara. Akwai bambanci tsakanin ganin fuska a jikin abin da yake nan, wanda kowa zai iya gani idan aka nuna masa, da ganin mutum a inda babu komai. Na 'yarki irin na farko ne, shaida kuwa ke ma kin gani. Inda ake sa ido shi ne dattijo da abin ya yawaita gare shi, har yana magana da labule ko yana tsoron riga a rataye, ga mantuwa ga rawar jiki. Ana ganin haka a cutar Parkinson da wani nau'in ciwon mantuwa, wannan sai a kai shi asibiti.

Kada ki ce wa yarinyar babu komai a wurin, domin ta gani, za ta ɗauka ba ki yarda da ita ba. Ki ce mata ke ma kin gani, sannan ku je tare ta taɓa.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na bi shawararki yau da safe. Na ɗaga ta, ta sa yatsa a idon tsohon, ta ji katako ne mai santsi. Na nuna mata bishiyar da ke waje, na ce nan reshe yake fitowa, idan aka yanke sai ya bar tabo irin wannan. Ta yi shiru, sai ta ce, "To bishiyar ce take da ido?" Na ce mata gurbin hannuwanta ne. Fitilar ɗakin kuma na ɗauke ta daga gefen ƙofar na mayar saman tebur, bakin nan mai fushi ya kusa ɓacewa. Yanzu haka tana barci a gadonta, amma ta ce in bar mata ƙofar ɗakin a buɗe, na bari.