Kwatz a banɗaki: abin da na tsinta daga hirarmu

Jiya bayan isha'i a unguwar Aboabo muka daɗe kan maganar sa kwatz a banɗaki, don yayata na gyaran banɗakinta, ni kuma bana so kuɗinta ya tafi a banza wallahi.

Masu aikin tayil ɗin duk bakinsu ɗaya, a sa kwatz a teburin wajen wanke hannu ba matsala. Kwatz ɗin da ake saidawa haɗi ne, garin dutse wajen kashi 90 cikin 100, sauran gam da kala, shi yasa baya shan ruwa kamar mabul, ba sai an riƙa shafa masa maganin toshe ƙofofi ba. Sabulu da tsumma sun isa.

Amma gam ɗin nan shine rauninsa, baya son zafi, in ka ajiye ƙarfen miƙar da gashi da zafinsa zai bar tabon da baya fita, ruwan bilic mai ƙarfi irin Parazone na dusashe ƙyallinsa, rana ma in tana dukansa kullum ta taga farin sai ya koma rawaya-rawaya. Lalle da dayin gashi a goge nan take.

Ƙasa kam sukace a'a, mai sheƙin yana da santsi in ya jiƙe, ga Hajiyarmu na alwala a ciki.

Abin da ya fi tsaya min shine yankan. Ƙurarsa na lalata huhu, har Ostireliya ta hana irin wannan kwatz ɗin a 2024. Don Allah a yanka da ruwa, a waje, mai yankan ya rufe hanci da abin kirki.