Rubutu kan rasuwar mahaifina yana ta komawa ta'aziyya, yaya zan gyara?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta gajeren labari na gaskiya, kalma 800, kan rasuwar mahaifina, tela a Kasuwar Barci, nan Kaduna. Na cije a tsakiya.

Farkon ya zauna. Na buɗe da kekensa na ɗinki, zare na nan a allura, da kaftanin wani da ya yanka bai haɗa ba, mai shi ya zo karɓa ranar sadakar uku. Amma da na wuce nan sai rubutun ya koma "mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci". Duk gaskiya ne, sai dai kowane mamaci ana faɗa masa haka, mai karatu ba ya ganin Baba.

Na jera abubuwa daga jinya zuwa maƙabarta, ya fito kamar rahoto. Na koma yi masa magana kai tsaye da "ka", kuka ya yi yawa. Na cire duk kalmomin yabo, ya bushe ƙayau.

Abin da ke rayar da shi a takarda shi ne zafin ransa da saɓa alkawarin ɗinkin Sallah, kuma nan hannuna ke tsayawa. An hore mu da ambaton alherin mamaci, ga mahaifiyata tana cikin takaba, za ta karanta.

Ta wace dabara kuke nuna ajizancin mamaci a fage guda, ya fito mutum sosai, ba tare da an ci mutuncinsa ba? Na gode.