Neman shawara: Masu gani da ji sun mamaye zamanmu na kungiya

Jama'a, a taimaka mana da shawara. Muna da kungiyar manya masu bukata ta musamman, mukan ziyarci marasa lafiya, mu kuma tara kayan sawa mu raba wa mabukata. Matsalarmu ita ce zaman tattaunawa. Guragu da masu rakiya su ke ta magana, kurame kuwa sai dai kallon baki, domin mai fassara da yaren hannu daya ne, ranar da bai zo ba shi ke nan. Mun gwada rubuta komai a allo, sai makafi suka ce an bar su a baya. Yanzu wasu sun fara janye jiki. Wanda ya taba hada irin wannan zama, yaya ya yi kowa ya samu bakin magana?