Wai don mace ce jaruma aka tsayar da Agent Carter?

Auta: Jama'a jiya na ƙarasa Agent Carter, shirin talabijin ɗin nan na Marvel a kan 'yar leƙen asiri Peggy Carter, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake, ace shiri kamar wannan zango biyu kacal, kashi 18, a ƙarshe a harbe Thompson, abokin aikin Peggy, a ɗakin otal ba a nuna mana wanda ya harbe shi ba shikenan an rufe. Ni dai na faɗa, don mace ce jarumar shi yasa tashar ABC ta tsayar da shi a 2016, da namiji ne da an kai zango biyar.

Yaya Habu: Ke Auta kin fara ko. Ita wannan ABC ɗin ai ita ta nuna Alias daga 2001 har 2006, Jennifer Garner ce jaruma, 'yar leƙen asiri ce ita ma, zango biyar cur. To lokacin ba su san mace ba ce?

Auta: Yaya wancan zamani daban, kuma ba na Marvel ba ne

Yaya Habu: To bar zamani, zo ga lissafi. Ranar da aka fara nunawa a Janairun 2015 mutum kusan miliyan 7 suka kalla a Amurka, kashin ƙarshe na zango na biyu ko miliyan 3 bai kai ba. Gidan talabijin da talla yake ci, in 'yan kallo sun watse ko wa ke jaruma tattarawa za a yi.

Anti Jummai: Habu lissafinka daidai ne amma ka tsallake wani abu. Ta yaya aka ajiye shirin? A cikin hutun tsakiyar zango na Agents of S.H.I.E.L.D., wani shirin Marvel ɗin, aka cusa shi kamar ɗan riƙon ƙwarya, a yi makonni kaɗan a ɗauke sai wata shekarar, yaushe mutane za su shaƙu da shi. Shi kuwa S.H.I.E.L.D. 'yan kallonsa ma raguwa suka riƙa yi amma aka yi ta haƙuri da shi har zango bakwai, sai 2020 ya ƙare. Wani an yi masa uzuri wani ba a yi ba, nan ne nake ganin Auta tana da 'yar gaskiya.

Baban Ummi: Ni fa ku yi haƙuri, zango na biyu shi ya kashe kansa. Na farko ai ba magana, 1946 a New York, an gama yaƙi maza sun dawo, Peggy da ta yi yaƙi tare da Captain America an mayar da ita mai ɗaukar waya da karɓo wa maza abincin rana a ofishin SSR, hukumar leƙen asirin da take wa aiki, a gidan da take haya ma cewa take a kamfanin tarho take aiki, da dare kuma ita da Jarvis, hadimin Howard Stark, suna bin sawun makaman Stark ɗin da aka sace don a wanke shi daga zargin cin amanar ƙasa. Rainin da ake mata shi ne makaminta, ba mai zarginta don ba mai ganinta a bakin komai. Sai aka kwashe mu zuwa Los Angeles aka kawo wani baƙin ruwa wai Zero Matter mai haɗiye mutane, ga Peggy ta rasa wanda za ta zaɓa a soyayya tsakanin Sousa abokin aikinta da Dakta Wilkes, har da mafarkin rawa da waƙa fa. Leƙen asirin ya tafi ina?

Anti Jummai: Kai Baban Ummi kar ka taɓa min Whitney Frost, muguwar zango na biyun. Mace mai ƙwaƙwalwar kimiyya da tun tana yarinya uwarta ta nuna mata fuskarta kawai duniya ke so, ta koma 'yar fim tana ɓoye iliminta a bayan miji. Ita ce Peggy da ta bi ɗaya hanyar.

Baban Ummi: Na yarda da ita Anti, ita da Dottie 'yar Rasha su suka riƙe zangon, sauran kam sai a hankali

Auta: To ai kun dawo maganata, a ƙarshen zango na farko wa aka yaba wa? Thompson, alhali Peggy ta yi aikin. Abin da ya faru cikin shirin shi ya faru da shirin kansa 😭

Yaya Habu: Wannan kuma son zuciya ne ƙanwata. Marvel ba su yar da ita ba, Hayley Atwell mai fitowa a Peggy ta fito a fim ɗin Endgame a 2019, Jarvis ɗin shirin ma ya fito, daga baya har garkuwa irin ta Captain America suka ba ta a shirin What If.

Anti Jummai: Eh ta fito, a matsayin wa? Matar da Steve, wato Captain America, ya koma wurinta su yi rawa. Zango guda muka yi muna kallon yadda ta haƙura da shi, har jininsa da ya rage a kwalba ta tsiyaye a kogi daga kan gadar Brooklyn, sai minti biyu suka warware duka. Tun 1966 da Stan Lee da Jack Kirby suka zana ta a littafin barkwanci a budurwar Cap aka san ta, shirin nan ne kaɗai ya cire ta daga inuwarsa.

Yaya Habu: Wannan kam ban da amsa Anti. Amma batun tsayarwa ina nan kan bakana, kuɗi ne.

Auta: Ku dai ku faɗa min wa ya harbi Thompson