"Wankin ƙwaƙwalwa" bai zauna ba, me za mu sa a madadinsa?

Masu fassara da 'yan gidajen rediyon Kano, ku matso kusa. Duk ranar da aka kama yaran Boko Haram, sai mu ji a labarai wai "an wanke musu ƙwaƙwalwa". Fassarar brainwashing ke nan, kuma ni dai ba ta kwanta mini ba.

A Hausa wanki tsarki ne. Alƙali ya wanke mutum daga zargi, gardi ya wanke allo ya sake rubutu. In kuwa a Kantin Kwari aka ce an wanke ka, to damfararka aka yi. Babu wanda ya dace da abin da ake nufi.

Su kansu Turawan aro suka yi. Wani ɗan jaridar Amurka, Edward Hunter, ya kwaso kalmar daga Sinanci a 1950. Ta bazu bayan yaƙin Koriya, da fursunonin yaƙi 21 'yan Amurka suka ƙi komawa gida bayan tsagaita wuta a 1953, suka zaɓi Sin. Daga baya akasarinsu sun koma. To ina wankin?

Likitan ƙwaƙwalwa Robert Lifton ya zauna a Hong Kong da mutanen da suka fito daga gidajen yarin Sin, ya fitar da bincikensa a 1961. Abin da ya gano ba goge kai ba ne. Ana raba mutum da danginsa ne, a toshe duk wata kafa da labari zai shigo masa, a sa shi ya riƙa tona laifinsa a bainar jama'a har ya tsani kansa, sannan a ɗora masa 'yan gajerun kalmomi da ke kashe tambaya tun kafin ta fito. Mataki mafi muni shi ne a koya masa cewa akwai waɗanda ba su cancanci rayuwa ba. Ta wannan ƙofa kisan ƙare dangi ke shigowa. A Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM kyankyasai yake kiran 'yan Tutsi.

Mu Kanawa ba sai mun je nesa ba. Dattawa suna tuna rikicin unguwar 'Yan Awaki a watan Disamba na 1980. Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, ya tara yara 'yan cirani da ba su da kowa a birni, ci da kwanansu duk a hannunsa, ya tsine wa rediyo da agogo da keke. Ku lura da rediyon nan, shi ne toshe kafar. Mutum fiye da 4,000 suka mutu.

An kawo mini "hure kunne". Ta yi sauƙi da yawa, wannan aikin kishiya ne da abokin banza. "Cusa aƙida" ta ɗan matso, amma tana nuna abin da aka zuba, ba ta nuna yadda aka kame mutumin ba.

Ni "mallakar tunani" nake so. Bahaushe ya san mallaka sarai: a ce an mallake wane, ba ya zuwa gaida mahaifiyarsa, ba ya jin maganar kowa sai ta mutum ɗaya. Yana nan da hankalinsa, yana ciniki, yana lissafi, amma linzamin na hannun wani. Kuma mallaka tana karyewa, abin da ya yi daidai da labarin fursunonin can.

Wani malami ya ja ni da cewa kalmar tana warin boka, mai sauraro zai ɗauka asiri ne, har ya ce wanda ya kashe ba shi da laifi. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Shi ya sa "tunani" dole ta biyo baya ko da yaushe, kada a bar "mallaka" ita kaɗai.

A labarai za ta fito haka: "Sojoji sun ceto yara da aka mallake wa tunani." Aikatau ya samu, suna ya samu. Abin da ya rage mini shi ne mai yin aikin. "Mamallaki" ta riga ta zama ta mai gida da mai kamfani. 'Yan cibiyar harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, me kuke gani?