Kwana biyu a Kano don sayayyar sallah: waɗanda suka taɓa yi ku ba mu labari

Uwar 'yan biyu, Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana maigida ya ce maimakon in ba da saƙo kamar kullum, in shiga Kano da ƙafata in yo kayan ƙaramar sallah, ƙanena zai raka ni. Kwana ɗaya za mu yi a can, washegari mu juyo. A takardata akwai atamfa turmi huɗu, leshi ɗaya, shaddar maigida da ta yara maza, takalma, mayafai, sai kayan kicin idan kuɗi sun yi saura. Rabona da Kano tun sayayyar aurena, kuma sefa ce a hannuna. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiyar ya taimaka min da abin da ya gani da idonsa.

Tela daga Azare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki faɗi ranar ba, kuma ita ce maganar. In da hali ki je tun cikin Sha'aban, in ya gagara kada ki wuce goman farko na azumi. Bara wata yayata ta je Kano ranar ashirin da uku ga azumi, ta dawo da leshi mai kyau ƙwarai, ta ajiye min a kan keke tana murmushi. A lokacin ɗinkin mutane ya kai min wuya, muna kwana a shago da janareta. Don zumunci na karɓa, ban gama ba sai bayan sallah da kwana huɗu, har yau in ta ga dama sai ta goranta min. Ki fara zuwa wajen telanki ya gaya miki yadi nawa kowane yaro zai ci, ki rubuta, ya kuma ajiye miki layi.

Direba ɗan Daura:
Hanyarku na sani kamar yunwar cikina. Daga Damagaram ta Matamaye, ku ƙetare a Kongolam, ku biyo Daura da Kazaure, tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, amma kada ki yi lissafi da kilomita, ki yi da tsaye-tsayen hanya. Ku riƙe takardunku na shaida a kusa, ba a ƙasan jaka ba. Motocin wajenmu Ƙofar Ruwa suke sauke mutane, daga nan adaidaita sahu zai kai ku Fagge. Acaɓa kam kar ki nema, tun 2013 aka hana haya da babur a birnin.

Abu ɗaya ya taɓa cin mu: Asabar ɗin ƙarshen wata. Ana tsaftar muhalli da safe, ba shiga ba fita sai ƙarfe goma. Mun yi sammakon banza, muka zauna a bakin gari rana tana dukan mota, fasinja suna ta min tsaki kamar ni na kafa dokar. Ki duba kalanda kafin ki tsayar da rana.

Hajiya 'yar Maraɗi:
Ƙanwata, shekara da shekaru nake sarin atamfa a Kwari, bari in yi miki maganar kuɗi. Sefarki ki kai ta Wapa, wajen 'yan canji, nan cikin Fagge, ba nisa da kasuwar. Ki tambayi farashin jaka, wato sefa dubu ɗaya, a wuri biyu ko uku kafin ki miƙa, ki ƙirga nairarki a zaune a cikin shago, ba a bakin titi ba. Kada ki canza duka lokaci ɗaya, wanda ya rage ki dawo da shi gida a sefarsa, don canji biyu asara biyu ne.

A farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka ɓace a hannun mutane, na sha wuyar da ba zan manta ba. Ga kuɗina, ga kaya a gabana, amma ba takardar da zan biya ɗan dako. Wani yaron shago ne ya rufa min asiri. Tun daga ranar ba na shiga Kano sai da lambar wani ɗan uwa mai asusun banki a Najeriya, don yanzu yawancin masu shago sun fi son a tura musu ta waya. Duk da haka ki riƙe ƙananan kuɗi na adaidaita da dako, ki raba sauran gida biyu, rabi a jikinki rabi a jikin ƙaninki.

Sai kuma abin da ke rikita mu 'yan Nijar: mu da mita muka saba, su kuma da yadi. Yadi biyar bai kai mita biyar ba, ya gaza da fiye da santimita 40, kuma a wajen babban mutum wannan shi ne hannun riga. Kafin a sa almakashi ki tambaya da baki: mita ko yadi? Atamfa ba ta da wannan rigimar, turmi yadi shida ne.

Bakano ɗan Fagge:
Hajiya ta gama magana. Ni a bakin kasuwar na tashi, don haka ga yadda nake yi wa baƙina. Ranar da kuka iso, Kantin Kwari kawai, kada ku haɗa ta da komai. Kwari gidaje ne da layuka cunkushe da juna, mai shadda daban, mai leshi daban, mai atamfa daban, wani shagon sai an hau bene hawa biyu. Awa ɗaya ta farko kada ki sayi ko ƙyalle. Ki zaga, ki taɓa, ki ji farashi, sannan ki dawo inda hankalinki ya kwanta.

Za ki haɗu da 'yan kayi-nayi tun daga bakin titi, su ce Hajiya me ake nema. Ba ɓarayi ba ne, sana'arsu ce, su kai ki shago su ɗora nasu a kai. Wanda bai san gari ba kuma yana sauri, wani lokacin suna yi masa rana. Amma ke da kike ƙirga kuɗinki, ki ce kin gode, akwai inda za ki.

In kin yi ciniki a shagon farko, ki roƙi mai shagon ya ajiye miki kayan, duk abin da kika ƙara saya ki kawo nan, a ɗaure a buhu ɗaya da yamma. Yawo da leda biyar a layin Kwari cikin azumi, ga masu baro suna a ba su hanya, ba ƙaramin aiki ba ne. Washegari da safe takalma da mayafan da suka rage: Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, ki zaɓi ɗaya. Kayan kicin ma Sabon Gari. Ki guji Juma'a don rabin yini ne, Lahadi kuma shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe suke.

Malama daga Jos:
Da na samu wannan shawarar shekara uku da suka wuce! Ni na ɗauka Kano kamar kasuwarmu ta Taminus ce, na tsara Kwari, Wambai, Singa da Kurmi duk a yini ɗaya, ga azumi a bakina, ga zafin watan Afrilu, ga goyo. Kafin la'asar idona ya fara ganin bibbiyu. A wannan gajiyar na shiga wani shago da ba zan kama suna ba, aka shimfiɗa min shadda a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki tana ta walƙiya, aka ce gezna ce. Ban fita da ita haske ba, ban duba tambarin bakinta ba, na biya. Wanki ɗaya ta koma kamar zanen gado. Maigidana bai ce komai ba, ya dai sa ta sau ɗaya ya ba ƙaninsa.

Kurmi kuwa ban je ba sai a wata tafiyar, kuma ita ba ta sauri ba ce. Tsohuwar kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, lungu-lungu, ga kayan fata ga turare. Ki bar ta sai ranar da kika zo yawon buɗe ido.

Takalman yara kuma kada ki dogara da lamba, ta wani kamfanin ba ta zama ɗaya da ta wani. Ki auna ƙafar kowa da tsinken tsintsiya irin na iyayenmu, ki ɗaura wa kowane tsinke zare mai launi daban.

Malam daga Matamaye:
Ni fa a gafarce ni. Turmi huɗu da shadda uku, kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, ga canji, ga abin da za a tambaya a hanya in an ga buhu. Na taɓa yin lissafin nan wa iyalina, ribar ba ta taka kara ta karya ba. In ba sari za ki haɗa da shi ba, kasuwar Dole ta Damagaram ma akwai kaya.

Uwar 'yan biyu, Damagaram:
Malam gaskiyarka, na yi lissafin. Amma maƙwabtana uku sun ba ni saƙo za su sa hannu a kuɗin mota, kuma yayar maigida tana Kurna, shekara biyar ba mu ga juna ba, a can za mu kwana. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Uwar 'yan biyu, Damagaram:
Mun dawo jiya bayan isha'i, alhamdu lillahi. Talata muka tafi, shida ga azumi. Yaya 'yar Maraɗi, Allah ya saka miki, sai da na tambaya aka ce yadi ne, na ƙara ɗaya a ta maigida. Na fito da shaddar bakin ƙofa na duba ta a rana, mai shagon yana dariya yana cewa wa ya koya min. Kayan kicin ban samu sukuni ba, azahar ta same mu a Wambai muna neman takalmin Hassan, don tsinkensa ya karye a cikin jaka, sai da na kira gida aka sake aunawa da tafin hannu. Ya ɗan yi masa yawa, mun cusa auduga a gaba. Hular maigida kuwa sai da muka wuce Kazaure na tuna da ita.