Gyaran ƙasa daga bakin mudu

Bayan addu'ar Laraba, zumuntar matan coci ta tattauna kan lalacewar tarbiyya a ƙasa. Da fari gwamnati kowa ke zargi, sai wata dattijuwa ta tuna mana cewa 2 Tarihi 7:14, ayar Littafi Mai Tsarki da ke kira a tuba domin Allah ya warkar da ƙasa, da mutanen Allah take magana. Nan hira ta juya.

Shawarar da ta fi kama ni ta kasuwa ce: mai auna masara ta daina lotsa gindin mudu, don Amos 8:5 ya tsawata wa masu tauye awo. Iyaye su daina biyan kuɗin satar jarrabawa, su dawo da addu'ar asuba a gida. Fastoci kuma su binciki tushen babban baikon da aka kawo wa coci kafin su sa albarka. A nan kam ɗakin ya yi tsit.